Ranar da Muka Kafe a Gonar Gero

Motar a-kori-kura ce fara, tsohuwa, ni da mijin yayata muka haɗa hannu muka saya. Tun farko ban so haɗakar ba. Inna ce ta matsa, wai gara abin ya zauna a cikin gida. Ni na daɗe ina tuƙa motar wani ɗan kasuwa, ina bin ƙauyuka ina kwaso masa gero da wake zuwa Dawanau. Shi kuwa mijin yayata shagon taki da maganin feshi gare shi a bakin kasuwar garinmu. Ya iya tuƙi, amma tuƙin kwalta. Tun da ya dawo daga Makka bai yarda a kira shi da komai ba sai Alhaji, har matarsa, har 'ya'yansa. Ni ma haka nake kiransa, ba don raina yana so ba.

Rigimarmu ta fari a kan bayan motar aka yi ta, tun ba ta yi sati a hannunmu ba.

Baƙo yakan ɗauka daji muke shiga da mota. Babu wani daji a wajenmu. Da ka sauka daga kwalta gona ce ke bin gona, wannan gida yana hango wancan, hanyar kuwa burtali ne da shanu suka fara takawa, da rani yashi, da damina laka. Idan ka kauce dama ka shiga gonar wani, idan ka kauce hagu ka shiga ta wani. Ga mutane ko'ina, amma bakanike sai ka koma bakin titi. Saboda haka abin da ka ɗauko daga gida shi ne abin da kake da shi.

A iya yawon da na yi ban taɓa ganin wanda injinsa ya fashe a burtali ba. Ƙananan abubuwa ne ke tsayar da mutum. Fambel, bel ɗin da ke juya fankar inji, ya tsinke, ko tiyon ruwan lagireto ya tsage, ko ƙayar aduwa ta huda taya. Shi ya sa nake ajiye tsohon fambel da aka cire da sauran ransa, don na san ya taɓa hawa motar, sabo kuwa na cikin kwali sai ranar da ka buƙace shi za ka gane ya yi tsawo. Sifanu ba na ɗaukar duka, sai waɗanda na gwada na ga sun ci notunan motar. Da filaya, da guntun waya, da igiyar roba, da sabulun wanki na toshe tanki idan dutse ya ƙwarzane shi, da jarkar ruwa, da famfon hannu. Waɗannan duk buhu ɗaya ya ishe su. Abin da ke cin wuri shi ne shebur, da sarƙa, da wani guntun katako mai kauri da na yanko daga tsohon ƙyauren zauren mahaifinmu. Jak ba ya aiki a laka sai da abin da zai taka. Idan babu katako, kana ɗagawa yana nutsewa.

Alhaji ya tsaya ya kalli kayan nan, hannunsa a baya, ya ce, "Wannan bolar fa ta mece ce?"

Na ce, "Kayan hanya ne, Alhaji."

"Mota muka saya ko jakin kwasar taki? Jiya a masallaci wani ke tambayata ko na koma haƙa rijiya."

Washegari ya shiga Kano ya dawo da nasa. Jan akwatin ƙarfe cike da sifanu masu ƙyalli, kowane a gurbinsa, rabinsu ba su da abin kwancewa a jikin motarmu. Famfon lantarki da ake jonawa a cikin mota. Sabbin fulogai a kwali, da sabon kafireto sukutum, da wata igiyar ja ruwan ɗorawa mai ƙugiya biyu. Ya baje su a kan tabarma a ƙofar gida yana nuna wa maƙwabta. Na ɗauki kafireton na juya shi, na tambaye shi ko ya taɓa kwance irinsa. Ya ce ba aikinsa ba ne. Na ce to a burtali aikin wa zai zama? Mutane suka yi dariya, shi kuwa bai manta mini da wannan dariyar ba.

Maganar ta kai wajen Inna. Ta ce kowa ya sa nasa, motar ai ba ta cika ba. Aka yi haka a baki. Amma duk ranar da motar ta kwana a hannunsa, zan dawo in tarar an sauke shebur da katako an jingine a bayan shagonsa, cikin buhunan taki. In mayar, ya sake saukewa. Wani lokaci ya ce wurin buhu suke cinyewa, wani lokaci ya ce suna ƙara suna hana shi jin rediyo. Mun yi rani guda muna wannan, ba ma ko faɗa da baki, kowa na yi da hannu.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, an yi kwanaki ana marka, gero ya kai ƙirjin mutum. Da sassafe aka kira Inna daga ƙauyensu, can bayan Shanono, cewa jikin ƙaninta ya rikice, yana ta kiranta. Shi kaɗai ya rage mata a cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya, ita ta goye shi. Ban taɓa ganin Inna ta shirya da sauri irin na ranar ba. Takalminta ma ba ɗaya ba ne ta sa, sai matata ce ta lura ta canza mata.

Motar tana hannun Alhaji, ya kai 'yan biki da ita. Na aika masa, ya taho da Yaya, matarsa, a gaba. Na miƙa hannu zan karɓi mukulli, ya ce shi zai tuƙa, surukarsa ce. Ban ja ba, don Inna tana tsaye. Aka sa ta a tsakiya, ni na haye baya da ƙullin kayanta. Ina hawa na ga bayan motar a share tas, har an wanke. Jan akwatin yana nan, jak yana nan, safayar taya tana nan. Babu buhuna, babu shebur, babu sarƙa, babu katako.

Na buga rufin motar. Ya leƙo.

"Alhaji, ina kayan?"

"Suna shago."

"Mu biya mu ɗauka."

"Mukullin shagon yana gida. Kana ganin halin da ake ciki za ka tsayar da mu a kan itace?"

"An kwana ana ruwa. Hanyar nan na san ta."

Sai na ji muryar Inna daga ciki, "Ku bari don Allah, mu tafi."

Muka tafi.

A kan kwalta ya yi gudu. Da muka sauka burtali motar ta fara wutsil-wutsil da baya, shi kuma yana murza sitiyari kamar mai faɗa da shi. Muka wuce ƙauye biyu lafiya. Daga nan hanyar ta gangara wani kwari da ruwa ya kwanta. Na san wurin. Ƙasansa yashi ne mai tauri, ruwan bai fi gwiwa ba, idan ka bi tsakiya a hankali za ka fita. Na buga rufi ina cewa ya tsaya in sauka in taka masa. Bai tsaya ba. Ya ga ruwa ya tsorata, ya ga gefen gona a bushe daga sama, sai ya karya kan motar ya hau kunya.

Kunyar gona da damina ƙasa ce da aka tara jiya-jiya. Tayoyin gaba suka haye, na baya suka zauna. Maimakon ya ɗaga ƙafa, sai ya danna totur. Ina ihu yana dannawa, laka na tashi tana faɗo mini a kai, har cikin motar ya kwanta a ƙasa. Da ya kashe injin, sai na ji ƙarar karan gero yana ƙarasa karyewa a ƙarƙashinmu. Mun kwantar da kunya wajen shida.

Kafin in gama dirowa mai gonar ya iso. Dattijo ne dogo, siriri, da fartanya a kafaɗa, 'ya'yansa biyu magidanta suna bin sa. Bai yi sallama ba. Ya zagaya motar yana kallon geron, ya sunkuya ya ɗago ɗaya da ya karye, ya sake shi.

"Wane ne direban?"

Alhaji ya fito yana kakkaɓe babbar riga. "Baba, ka yi haƙuri, kuskure ne." Yana faɗa yana sa hannu a aljihu.

"Mayar da hannunka," in ji dattijon. "Ka ga na yi maka kama da mai talla? Ga hanya can Allah ya shimfiɗa, me ka zo nema a abincin iyalina?"

"Ai ruwa ne ya cinye hanyar."

"Ruwan da jakina yake ratsawa kullum?"

Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya ce bara ma haka wata mota ta yi musu, aka yi alkawari ba a dawo ba. Mutane suka fara fitowa daga gonaki, suna tsayawa nesa kaɗan, ba mai cewa sannu. Na matsa na gaishe da dattijon yadda ya kamata, na roƙe shi ya ara mini fartanya in buɗe wa tayar hanya.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Da fartanyata za ka haƙe mini gona? Ku da kuke da mota ba ku da abin haƙa?"

Na juya na kalli Alhaji. Ya ɗauke kai.

Na sauko da jak na sa a ƙarƙashi. Ina juyawa yana shigewa ƙasa, motar ko motsi ba ta yi ba, har sai da na tona da hannu na zaro shi. Na nemi dutse, ƙasar wajen babu dutse ko na jifan tsuntsu. Na ce a bar ni in sari reshen darbejiyar da ke kan iyaka, suka ce ba a taɓa musu bishiya. Na kwance ƙullin Inna na ɗauki murfin kwano, da shi na durƙusa ina kwashe laka. Alhaji ya buɗe jan akwatinsa ya ajiye a kan bonet, ya tsaya yana kallon sifanu, ya rasa wanda zai ɗauka.

Sai Inna ta ce wa Yaya ta buɗe mata ƙofa. Ta sauko cikin lakar nan, ta taka har gaban dattijon, ta rusuna ta gaishe shi. Ta ce masa ƙaninta ne ba shi da lafiya a ƙauyen gaba, ta faɗi gidan. Ta ce ba ta san ko za ta same shi ba.

Dattijon ya sauke fartanyar daga kafaɗa. Sannan ya ce, "Hajiya, ke ba ki yi mini komai ba." Ya juya ga babban ɗansa ya ce ya je ya ɗaura wa shanu amalanke ya kai matan nan. Na ce, Baba, da shanun sun fara jan motar, ai da mun fi sauri. Ya ce shanunsa ba za su taka masa sauran geron ba sai ya ga dama, kuma bai ga dama ba.

Na so in bi su. Inna ta ce, "Zauna. Kada ku bar wa mutane mota a gona." Aka shimfiɗa mata buhu a amalanke, Yaya ta riƙe mata lema, suka ratsa ruwan nan da Alhaji ya guje wa. Bai kai ko cibiyar ƙafar amalanken ba.

Muka rage ni da shi. Na ci gaba da tono, shi yana tsaye a kan kunya yana ɗage riga. Can ya ce, "Da ka yi magana da wuri ai da na tsaya."

Na miƙe. "Rufin motar nan har ya lotsa don bugu."

"Kai kullum kai ne ka sani. A gidanku mata na aura, ban auro ubangida ba."

"Da katakon da ka jefar yana nan, da yanzu Inna tana gaban ɗan'uwanta."

"Katako, katako! Ka je ka aure shi mana."

Na ce masa mutumin da ya fi jin tsoron dariyar 'yan masallaci a kan wahalar tsohuwa bai cancanci a ba shi ko akuya ya kora ba. Ya ce ni ɗan ƙwadago ne, kuma haka zan mutu. Na jefar da murfin kwanon na yi kansa. Ƙaramin ɗan dattijon ne ya shiga tsakani ya riƙe mini hannu, yana cewa in za mu yi dambe mu fita musu daga gona. Mutanen da ke kallo har da masu zama a ƙasa, kamar an zo wasa.

Aka sake sako ruwa. Ramin da na tona ya cika. Alhaji ya shige mota ya rufe gilashi, ni na zauna a kan safaya ruwan yana dukana, don ba zan iya zama kusa da shi ba.

Bayan azahar wayata ta yi ƙara. Yaya ce. Da farko ban ji komai ba sai kukan mata. Sannan ta ce sun isa, a bakin gari suka gamu da mutane suna dawowa daga maƙabarta. Tun hantsi ya cika, aka jira aka jira, da aka ga hadari aka ce a rufe shi kafin kabarin ya cika da ruwa.

Na buga gilashin na faɗa wa Alhaji. Ya yi salati, ya ce kwana ya ƙare. Na koma kan safayar na zauna.

Dattijon yana gindin darbejiya ya ji. Ya ce ya san mamacin, sun taɓa yin gayya tare. Ya yi masa addu'a, ya tashi ya tafi gida, ya dawo ɗauke da ƙyauren wani tsohon ɗaki a ka. Ya jefar da shi a gabana. Da shi na kafa jak, motar ta ɗago, na cusa karan darni da ya bari na zara a ƙarƙashin tayoyi, na rage musu iska. Da shanun suka dawo aka ɗaura su. Igiyar nan ruwan ɗorawa ta Alhaji ita aka yi amfani da ita, kuma ba ta tsinke ba, wannan kam zan faɗa. Wannan karon ban nemi mukulli ba, ɗauka na yi. Na sa ribas, shanu suka ja, motar ta fito da baya ta kan sawun da ta shiga.

Dattijon ya ce ba inda za mu sai an gyara masa kunyoyi an ta da geron da zai tasu. Yanzu ya ba ni fartanyar. Na gyara, 'ya'yansa suna tsaye a kaina suna nuna mini inda ban yi daidai ba. Alhaji ya ce bayansa na ciwo. Da na gama na ce, Baba, a yafe mana. Ya ce, "Ta'aziyya na yi muku. Gero kuwa sai na ga abin da ya yi da kaka." Alhaji ya jona famfon lantarkinsa zai mayar wa tayoyi iska, abin ya yi ƙugi kaɗan ya yi ɗif, wani wari ya tashi. Haka muka ƙarasa a kan tayoyi masu laushi, ina lallaɓa su.

Na tarar da Inna a ɗakin matar Kawu, zaune a ƙasa, lakar gonar ta bushe a ƙafarta. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta amsa, ta tambaye ni ko na ci abinci. Ba ta tambayi motar ba. Matar Kawu ce ta faɗa mini a tsakar gida cewa duk wanda ya ɗaga labule sai Kawu ya juyo ya ce, "Yaya ce?" yana nufin Inna, har bakinsa ya daina motsi.

Da aka share makoki, Alhaji ya kawo motar ƙofar gida, an wanke ta. Inna ta ce ya tafi da matarsa, ita za ta ƙara kwana. Ranar kasuwa ta biyo motar haya ta dawo. Daga nan ba ta ƙara shiga motarmu ba, ko asibiti za ta sai dai a nemo mata wata.

Shi Alhaji abin da yake faɗa wa mutane shi ne ƙaddara ce, kuma ni ba ni da tawakkali. Har wani malamin unguwarmu ya turo mini ya yi mini nasiha. Na saurare shi har ya gama, na ce, Malam, ban ce da mun isa da Kawu bai mutu ba. Ajalinsa ya zo. Cewa na yi da ta riƙe hannunsa. Malamin ya ce duk da haka in sassauta. Na ce na ji.

Da kaka ni kaɗai na koma wajen dattijon da buhun gero a bayan babur. Ya buɗe ya duba ƙwayar, ya ce a shigar da shi ciki. Ya sa aka kawo mini ruwa, bai tambayi abokin tafiyata ba. Kafin rani ya shigo na ce wa Alhaji a raba haɗaka. Wani mutumin Gezawa ya saye motar, ni na koma tuƙa ta mutane.

Yaya ce abin ya fi ci. Takan zo gidana ta zauna wajen matata, ta yi ta zancen yara, sai za ta tafi ta tsaya a zaure ta ce, "Ba za ka leƙo mu ba?" In ce sai na samu sarari. Da 'yarsu ta sauke Alƙur'ani ta zo da kanta ta ce idan ban je walima ba kada in ƙara kiranta yayata. Na je. Na ba Alhaji hannu a gaban mutane, na tambaye shi iyali, ya tambaye ni aiki. Na sa wa yarinyar albarka, na zauna aka yi addu'a aka shafa. Da aka fara fito da abinci na nemi takalmina na taho.